Ranar Da Na Shigar Da Shanu Cikin Teku

Ko tsufa ya kwashe mini haƙora, ba na jin zan manta da ranar da na tsaya gaban alƙalan gasar dokar teku a Paris. Lokacin ina karatun lauya a Lyon, ni ɗan Damagaram wanda babban ruwan da ya sani shi ne tafkin bayan gari. Malaminmu bai so saka ni cikin tawaga ba. Wata abokiyar karatuna, haifaffiyar Villeurbanne, nan gefen Lyon, amma iyayenta 'yan Maraɗi, ita ta tsaya kai da fata har ya yarda. In na kwafsa, an fitar da mu, kuma ita zan kunyata.

Aikina in kare wata ƙasa ta ƙage wadda jirgin yaƙinta ya ratsa ruwan maƙwabciyarta bai nemi izini ba. Na haddace ayoyin doka kamar karatun allo, ina zubowa ina jin daɗin kaina. Sai wata tsohuwar alƙaliya ta cire tabarau ta ce, jirgi ɗauke da bindigogi, ta yaya wucewarsa za ta zama ta lumana?

Na shiga jujjuya takarduna. Abokiyar tawa ta raɗa mini da Hausarta mai gauraye da Faransanci, "Yaya, ka ce wani abu mana, vas-y, ko mine ne."

Ban san sadda bakina ya kama zancen burtali ba. Na ce a ƙasarmu ana bar wa makiyaya hanya tsakanin gonaki. Makiyayi na ratsawa da takobinsa a rataye, manomi ba ya tare shi don takobin. Amma fa wucewa zai yi. In ya tsaya kiwo, ko ya zare takobin, ko ya saki shanu cikin hatsi, ya fita daga haƙƙinsa. Na ce haka jirginmu ya yi, bai tsaya ba, bai gwada makami ba.

Na ga alƙalan sun gyara zama. Tsohuwar ta ce, "In makiyayin ya fi manomin ƙarfi fa?"

Na ce, "Madam, shi ya sa ake shata burtali tun da rani, kafin kowa ya yi shuka. In an bari sai an yi ɓarna, mai ƙarfi ne zai faɗi inda hanya take."

Ta maida tabaranta ta yi rubutu. Da aka kira sunan jami'armu cikin waɗanda suka haye, abokiyar tawa ta buga tsalle har ɗankwalinta ya zame, ni ko dariya nake da hawaye.

Tun ranar na daina ajiye abin da na taso da shi a bakin ƙofar aji kamar takalmi. Na gane in karatu ya tsaya wa mutum a maƙogwaro, sau da yawa da abin gida ake haɗiye shi.