Kajin Habi da Mussoshin Alhaji Mainasara

Habi yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban iya riƙe alƙalami ba sai da na haura shekara hamsin, saboda haka ba na ɓata tawada kan abin da bai cancanta ba. Labarinta ya cancanta.

A shekarar da ruwa ya ci ƙauyenmu na gefen Goronyo, kowa ya ɗauki abin da ya fi ƙauna ya fita. Habi, wadda mijinta ya riga ya rasu, ta bar tukwane da tabarmi, ta ɗauki kaza guda a kwando bisa kanta har Wurno. Baƙa ce mai farin wuya, daga irin da mahaifiyarmu ta kiwata tun muna ƙanana. Ba mu gaji gona ko saniya daga gare ta ba. Irin kajin nan shi ne gadonmu, kuma Habi ce ta riƙe shi.

Ta san aikinta. Ranar da kaza ta ƙyanƙyashe, sai ta shafa wa ɗiyan tsakin jan rini don shirwa ta kasa gane su daga sama. Ta yi musu rumfar ƙaya a tsakar gida, ta gina akurki na laka da hannunta. Shekara goma sha biyu shirwa ba ta ɗauki ko guda ba. Amma duk saninta na tsaron sama ne, maƙiyin kuwa ta kan katanga ya zo.

Maƙwabcinta Alhaji Mainasara ya gina sito jikin katangarta, ya cika shi da buhunan shinkafa. Ɓeraye sunka taru, sai ya kawo mussoshi huɗu, wato kyanwoyi, ya zuba a ciki. Ya hana mutanen gidansa ba su abinci, domin a ganinsa mussar da ta ƙoshi ba ta farauta. Ya manta cewa ɓera yana gudu yana shiga rami, ɗan tsako kuwa tsaye yake yana kuka.

A wata guda Habi ta rasa ɗiyan tsaki tara. Da rana tsaka, tana tankaɗe, babban muzurun ya diro ya ɗauki ɗaya a gaban idonta.

Mode mai babur, ɗan ƙanen mijinta, ya ce mata, "Inna, ki bar ni da su. Garin maganin ɓera cikin kifi, gobe kin huta."

Ta ce, "Kai dai Mode ba ka da tsoron Allah. Ni da tsufana in tashi gaban Ubangiji da alhakin mussa? Mi zan ce?"

"To in sa muzurun ga buhu in kai shi can nesa, garin Marnona."

Ya kai shi. Kwana shida muzurun ya dawo, ya rame, ya ƙara mugunta. Mode ya ce ko fasinja bai taɓa riƙe hanya haka ba.

Sai Habi ta yi tunanin da har yau nake jinjina masa. Ta ce ba kajinta suke ƙi ba, yunwa ce take aiko su. Kowace hantsi ta riƙa aje kasko gindin katanga, da kan kifi da sauran tuwo da ɗan nono. Sau da yawa daga nata kwanon take ragewa. Mussoshin sunka ci, sunka ƙoshi, sunka kwanta a inuwa, ɗiyan tsaki suna kiwo kusa da wutsiyarsu ba mai ɗaga kai. Kaza biyu sunka ƙyanƙyashe, ɗiyan duka sunka rayu. Na ga yayata tana dariya.

Wata uku anka yi haka. Sannan Alhaji ya buɗe sito ya tarar ɓeraye sun huda buhuna, ya kai ƙara wurin mai unguwa. Ni na tsaya mata. Na tafi da takarda da na rubuta da hannuna, na bayyana yadda abin ya faro da ranar da kowane tsako ya mutu.

Alhaji ya ce, "Ranka shi daɗe, tsohuwar ga ta lalata min mussoshi. Sun koma sarakai, sai kwana da hamma."

Na ce, "Alhaji, dabbarka ta, kai ya kamata ka ciyar da ita."

Ya dube ni yana murmushi. "Malam Halliru, tun da kay yi boko muka shan wahala. Kaza nawa muka magana kai? Ni abincin gari ni ka tsaro."

Mutane sunka yi dariya. Mai unguwa ya karɓi takardata, ya naɗe ta, bai buɗe ba. Ya yanke cewa Habi ta daina ciyar da dabbar da ba tata ba, ta kuma ƙara tsawon katangarta. Bai faɗi tsawon katangar da mussa ba ta hawa ba.

Habi mace ce mai bin magana. Ta kife kaskon. Amma yanzu mussoshin sun san gidan, sun san lokacin, sun san ƙofar akurki. Sunka zo da hantsi kamar kullum, ba su tarar da komi ba sai kajin da sunka saba da su har ba su gudu. Kafin sati biyu ba sauran tsako, ba sauran budurwar kaza, iyayen ma ba su tsira ba. Kaza guda ta rage, tsohuwa, wadda ta daina ƙwai.

Ranar wata Juma'a ta aika in zo da wuƙa. Na ce ta bari mu nemo wani irin a kasuwar Gandi.

Ta ce, "Halliru, kaji sun cika kasuwa. Irin na Innarmu ne babu."

Na yanka. Ta dafa, ta raba wa maƙwabta, ita ba ta kai ko loma bakinta ba. Muzurun yana bisa katanga yana kallonmu. Na duƙa na ɗauki dutse, ta riƙe min hannu.

"Bar shi. Wanda ya yi laifin sau uku shika cin abinci."

Akurkin yana nan, yanzu gawayi take ajiyewa a ciki.