Ranar da Aka Fasa Jingarmu

Ƙarfe tara da kwata na safe muka ji bugun diga na farko. Ina zaure ina bitar darasin kimiyya, Inna tana turara shinkafa a tsakar gida.

Garinmu yana cikin fadama, kusa da Auyo. Jinga ce ta raba mu da kogi, tudun ƙasa da buhunan yashi da iyayenmu suka ɗaga da gayya. A ɗaya gaɓar gonakin 'yan kwamitin ƙungiyar manoma suke. Shugabansu, Kwamared Sale, shi ya koya mana cewa mallaka zalunci ce. Ya sa kowa ya miƙa kwalekwalensa ga ƙungiya, aka ɗaure su da sarƙa ɗaya, makullin a aljihunsa. Ba ya kai loma baki sai ya ambaci talaka, kuma yana kai loma sosai.

Kogi ya cika a makon nan. Idan jingarmu ta fashe, ta 'yan kwamitin za ta huta. Sai suka turo samari da diga da adduna.

Baba da maƙwabta suka ruga. Na ji ihu, sannan ƙarar bindigar toka. Tara da rabi Baba ya dawo, an sare shi a dantse, ya ɗaure da rigarsa.

"Ku fito! Bakin gaɓa!"

Sarƙa kawai muka tarar. Can tsakiyar kogi kwalekwalen suna hayewa, shaƙe da buhunan shinkafar kwamiti da kujerun falon Kwamared, ƙafafunsu a sama.

Muka bi ta gonaki da ƙafa. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙirji. Baba ya goya Kaka, mahaifiyarsa. Wajen sha ɗaya ya zurma cikin magudanar ban ruwa. Ya tura Kaka hannun Inna. Bai ɗago ba.

Da azahar muka hau titi, mu uku.

A firamaren da aka ajiye mu a Hadeja na tambayi sakataren ƙungiya ina kwalekwalen Baba. Ya ce in tambayi ma'aji. Ma'aji ya ce sai shugaba. Ran Juma'a shugaba ya zo cikin farar shadda, da tabarmi da masu ɗaukar hoto. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na sha gabansa.

"Kwamared, ina kwalekwalen babana?"

Ya gyara hula, ya yi murmushi.

"'Yata, babanki ba shi da kwalekwale, na jama'a ne. Ɗan matsa, kina tare hoto."