Labaran da Yaya Ramatu Take Karanta Mana a Zaman Ƙunshi

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Yaya Ramatu, yayar maigidana, kuma har yanzu in na bi ta layinsu a unguwar Waziriyya ta nan Jidda sai in ga na rage tafiya daidai ƙofar gidan. Wasu 'yan ƙasar Yaman ne a ciki yanzu, sun sake fenti, sun sa ƙofar ƙarfe. Ban san su ba, ba su san ni ba. Na daɗe ina son rubuta wani abu a kanta, amma duk lokacin da na ɗauki biro sai in ji kamar zan tona asirin cikin gida. Bana dai na ce duk abin da za a ce, a ce.

Ni 'yar Katsina ce, aure ya kawo ni Jidda ban daɗe da gama sakandare ba. Maigidana mutumin Maraɗi ne, direban motar ruwa, kuma ba shi da kowa a garin nan sai yayarsa. Ita malamar makaranta ce a can gida, ta yi shekaru tana koyar da Faransanci kafin mijinta ya rasu ta biyo ƙaninta. A Jidda kuwa wa zai ba baƙuwa aji? Sai ta kama sana'ar lalle, kuma hannunta ya karɓu, har daga unguwannin Sa'alaba da Madain Fahd ake kawo mata amare.

Wanda bai taɓa zaman ƙunshi na da ba ba zai gane wahalarsa ba. An naɗe miki hannu da ƙafa cikin leda, gumin Jidda yana bin bayanki, hancinki yana ƙaiƙayi ba halin sosawa, kuma haka za ki zauna tun bayan azahar har rana ta yi sanyi. To a nan Yaya take samun mu. In ta gama ɗaure ta ƙarshe sai ta wanke hannu, ta sa tabarau, ta jawo wani siririn littafi daga ƙarƙashin matashi. Takan ce duk shekarun da ta yi tana koyarwa ba ta taɓa samun aji mai ladabi irin wannan ba, ajin da ba mai iya tashi ya gudu.

Littattafan na gajerun labarai ne na Faransanci, sababbin fitowa. Wata tsohuwar ɗalibarta ce a Yamai take aiko mata su ta hannun alhazai duk shekara, a ƙulle tare da cuku da kilishi, har shafukan sukan ɗauki ƙamshin yaji. Idonta yana kan Faransanci, bakinta yana fitar da Hausa. Wani lokaci takan tsaya ta ɗaga kai tana neman kalma, mu kuma mu yi ta jefo mata tana cewa a'a, ba wannan ba. In ta zo inda Nasara suka wuce gona da iri sai ta tsallake shafi guda ta ce, "Nan dai sun gaisa," mu kwashe da dariya, amarya ta sunkuyar da kai.

Gaskiya da farko labaran haushi suke ba ni. Ni na saba da labarin da ke da mugu da nagari, a wahala, a yi aure, mugu ya ga ƙarshensa, kowa ya kama gabansa. Waɗannan kuwa ba mugu a cikinsu. Akwai wani da ba na mantawa: mutum ya haɗu da matar da ya so da ƙuruciya a layin sayen magani, dukansu sun yi furfura, suka yi ta zancen ciwon gwiwa da tsadar haya, ta karɓi maganinta ta fita, shi kuma da layi ya zo kansa ya manta abin da ya zo saya. Yaya ta rufe littafi.

Na ce, "Yaya, shi ke nan? Ya bi ta ko bai bi ta ba?"

Ta ce, "Mi kike so shi yi, Bilki? Ta tahi. Halas, shi ke nan."

Na ce, "To ko dai takarda ce ta ƙare wa marubucin?"

Ba ta ji haushi ba. Ta ce in lura, mutumin bai ce yana son ta ba ko sau ɗaya, amma duk wadda ke ɗakin nan ta sani. A wurinta gwanin marubuci shi ne wanda zai nuna miki ƙaramin abu, kofi ko riga ko yadda wani ya tsaya a bakin ƙofa, ya bar miki sauran ki cika da abin da ke cikinki. Na ce mata ni cikina babu komai sai yunwa, a kwance mini ledar nan. A lokacin gaskiya na faɗa, don ban rasa kowa ba tukuna.

Maigidana ya fita aiki wata safiya lafiyarsa ƙalau. Da la'asar kafilinsa, wato ubangidan da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya aiko aka ce ya yanke jiki ya faɗi a wurin ɗibar ruwa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Na shiga takaba da 'yarmu Hadiza tana firamare. Ban yi kuka ba. Mata suna ta shigowa suna cewa masha Allah, Bilki akwai tawakkali, a yi koyi da Bilki. Ni kuma ina jin daɗin yabon, ina ƙara ƙanƙame bakina. A gidanmu ba a koya wa mace ta ce tana kewar mijinta ba. Sunansa ma ba ta faɗa yana raye, balle ta zauna gaban mutane ta ce gadon ya yi mata faɗi. Abinci ya daina shiga, zanena ya fara zagaye ni sau biyu, kuma ba wanda ya ga laifin hakan tunda idona a bushe yake.

Abin da ya fi muni shi ne abin da ya shiga tsakanina da Yaya. Muryarsu ɗaya da ƙaninta. Ba kama nake nufi ba irin ta 'yan'uwa. In za ta yi magana sai ta yi gyaran murya sau biyu a hankali, daidai yadda yake yi, kuma ƙarshen dariyarta yana sauka inda tasa take sauka. In ta yi sallama daga tsakar gida sai in ji kamar shi ne ya dawo. Saboda haka na daina kallon fuskarta, in ta tambaye ni abu in amsa da kalma ɗaya ina kallon bango. Ita kuma ta ɗauka ina riƙe da ita a rai, ko ina jira takaba ta ƙare in kwashe Hadiza in koma Katsina in raba ta da jinin ƙaninta. Ta fara rage zuwa. Da an ci gaba a haka, da mun rabu ba tare da ko faɗa ɗaya ba, kuma ba ni da kowa a garin nan sai ita.

Wata rana bayan azahar ta shigo ba kwanon lalle, tunda mai takaba ba ta ado, sai littafi kawai. Ba ta nemi izinina ba. Ta zauna bakin katifa, ta sa tabarau, ta fara.

Labarin wata tsohuwa ce a wani ƙaramin gari na bakin teku, mijinta ya mutu, ta lura muryarsa ta fara ɓace mata. Fuskarsa tana nan a hoto, amma muryar ba inda ta ajiye ta. Mijin yana da ƙane mai irin muryarsa da ba su cika shiri da ita ba, wanda yake zama kullum a wani shagon shan gahawa da abokansa. Sai ta riƙa zuwa tana zama a teburin bayansa, ta juya masa baya, ta sayi kofi ɗaya ta bar shi ya huce, tana sauraron yana gardamar ƙwallo. Ba ta taɓa gaishe shi ba. Ranar da aka ce ya koma wani gari wurin 'yarsa, ta zo ta zauna a teburinta kamar kullum, ta sayi kofinta. A nan labarin ya tsaya.

Na ce, "Yaya, wa ya gaya miki?"

Ta cire tabarau ta ce, "Ba kowa. Na ga in na yi magana kina rumtse ido. Da na ɗauka ƙina kike. Amma na lura ba ki taɓa tashi kin bar mini ɗakin ba."

Abin da na yi watanni ina dannewa ya taso mini gaba ɗaya. Na ce mata ina kewarsa. Na ce ina kewar ƙarar makullinsa da magariba, da yadda yake sayo gurasar tamis da safe ya cinye ƙonannen gefen ya bar mini tsakiya, yanzu ban san yadda zan yi da gefen ba. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Ita ma ashe ɓoye mini nata take yi don kada ta karya mini zuciya. Ta ce ita ta goye shi, ita ta raka shi makaranta ranar farko, kuma ba wanda ya zo ya yi mata ta'aziyya irin wadda ake yi wa uwa. Muka yi kuka har Hadiza ta dawo daga makaranta ta same mu a haka. Yaya ta share fuska ta ce, "Yalla, a tashi a ɗora tukunya," kuma ranar na ci abinci.

Ba ina cewa haƙuri ba shi da kyau ba, Allah Ya kiyaye. Amma na gane haƙuri daban, haɗiye magana har ta cinye mutum daban, kuma wani marubucin da bai san akwai unguwa mai suna Waziriyya ba shi ya buɗe mini baki. Daga nan na daina tsokanar labaran. Na fahimci dalilin da suke tsayawa ba ƙarshe: wanda ya rasa wani shi ma ba a rufe masa labari, gari yana wayewa ne kawai ya tashi ya ɗora shayi.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Lallen yanzu kafin ki sha ruwa ya bushe, kuma yarinyar da ake yi wa tana manne da waya a kafaɗa, ba ta san wa ke gefenta ba. Fina-finan soyayya da aka juya zuwa Larabci sun cika gidaje, ana wata da watanni ana kallon labari ɗaya, kowa a cikin fim ɗin yana kuka yana fasa kofi. Na tabbata da ta kalli ɗaya za ta ce wannan ai a shafi biyar an gama shi. Jikokina suna jin Hausa amma da Larabci suke amsa mini, kuma "wahashtini", wato na yi kewarki, ba ta yi musu nauyi a baki, har wadda suka rabu da ita jiya suna gaya wa. Wannan kam ina jin zai yi mata daɗi. Sai dai in aka shiga gidan rasuwa har yau abin bai canja ba, wadda idonta ya bushe ita ake yabo. Shi ya sa in na je ta'aziyya nakan bari sai mutane sun ragu, in matsa kusa da matar in tambaye ta wane abu nasa ne ya fi tsaya mata a rai. Wasu sukan kalle ni kamar na taɓu. Wasu kuma sukan riƙe hannuna su fara magana.

Ciwon suga ne ya ci idon Yaya a shekarunta na ƙarshe. Alhazai suka ci gaba da kawo littattafai, tana shafa bangonsu tana sunsunawa, ba mai karanta mata, don ni Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Sai muka juya aiki, ni nake ba ta tsofaffin labaran da ka, ita tana gyara mini. In na ƙara gishiri na haɗa masoya aure sai ta yi gyaran muryar nan sau biyu ta ce, "Bilki, ki ji tsoron Allah, ba haka aka rubuta ba." Ina sane nake yi, don in ji ta faɗa. Bayan rasuwarta na ba wata malamar jinya 'yar Nijar littattafan, don gara su je inda za a buɗe su.

Ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba, lallen da ta yi wa amaren Jidda kuwa ya goge tun kafin su yi haihuwar fari. Abin da ya rage nata shi ne mata kaɗan a unguwannin nan da suka koyi faɗin abin da ke ci musu rai ba tare da sun ji sun yi saɓo ba, ni ce ta farkonsu. Ranar da aka fita da ita mutum biyu na rasa, don da ita muryar maigidana ta bar duniya. Na yi kuka a gaban kowa, ba wanda ya yabe ni, ban kuma damu ba. Amma da mutane suka watse na juya ina neman wadda zan gaya wa, sai na tuna mutum ɗaya ce tak nake iya buɗe wa baki in ce ina kewa, kuma ita ce aka fita da ita. Shekara goma sha biyu maganar tana bakina ba inda zan kai ta, shi ya sa na kawo muku ita yau. Ina kewar Yaya Ramatu. Allah Ya haskaka kabarinta, Ya haɗa ta da ƙaninta a inda ba a rabuwa.