Hayaƙin da Baba Ya Shaƙa

Har yau in na ji ƙaurin katifar soso, sai in tuna da Baba. Ina 'yar shekara tara, muna haya a Kakuri, wata Asabar da hantsi risho ya fashe a ɗakinmu. Babana, ma'aikacin masaƙa, ya kutsa cikin hayaƙin ya fito da ƙanena a kafaɗa. Da ƙafarsa ya fito, girarsa da gashin hancinsa kawai suka babbake.

Ka san dattawan gidan haya, ba abin da ba su sani ba. Kawuna, shugabansu a wannan fanni, ya jujjuya Baba kamar mai taya akuya, ya ce fata lafiya lau. Aka zaunar da shi a benci gindin mangwaro, aka ɗura masa manja da madarar gwangwani, wai su wanke hayaƙi. Masu jaje suka yi ta zuwa, 'yan coci, 'yan masaƙa, kowa sai an ba shi labari daga farko. Baba kuwa ba ya iya ƙin mutane. Yana magana murya na dushewa, yana tofar da yawu baƙi ƙirin.

Maƙwabciyarmu mai shara a asibiti ta matso gaban Kawu. "Kawu, don Allah a kai shi asibiti yanzu. Ƙunar tana ciki. Maƙogwaro zai kumbura ya toshe, gara su sa masa robar numfashi tun da wuri."

Kawu ya ce, "Ji mana, mai tsintsiya ta zama likita! Mutumin da ke zaune yana hira?"

Suka kwashe da dariya, manya da furfurarsu. Mama ta sunkuyar da kai, don ba ta taɓa musu da yayanta ba.

Wajen ƙarfe huɗu numfashin Baba ya koma kamar usur. Sai a lokacin masanan suka bazama neman tasi. Ina riƙe da hannunsa a kujerar baya, ko gadar shiga gari ba mu kai ba ya cika.

Yanzu masaƙa ta rufe, keke mai ƙafa uku na jira a kowane lungu, yara ma sun san a ruga asibiti. Kawu na nan, har yanzu ana zuwa neman shawararsa. Bara a taron dangi na ji yana ce wa jikoki lokacin Baba ne ya yi, suna gyaɗa kai. 'Ya'yana na gaishe shi, ban hana su ba. Ni dai shekara talatin ke nan ban durƙusa masa ba, kuma bai taɓa tambayata dalili ba.