Tikiti Biyu a Wuyan Alhassan

Duk wanda ya sake ce mini Alhassan na Falanko wawa ne, zan tambaye shi mutum nawa shi ya taɓa kaiwa Kano lafiya. Alhassan mijin yayata Tabawa ne, ni ce Ladi ƙanwarta. In zagi ne na fi kowa iko da shi, kuma na yi, don shekara uku ban amsa gaisuwarsa ba. Amma ba zan bar 'yan zaman gindin bishiya su mai da shi abin dariya ba.

Madugu ne, mai raƙuma shida. Da an gama girbin gero yake ɗaukar mutane da kayansu daga Falanko, ya ratsa Gangara ya ƙara wasu, ya sauka Damagaram, daga nan sai Kano. Mutum ne siriri, ga rowar magana, har nakan tsokane shi in ce raƙumansa sun fi shi hira. Abu ɗaya aka san shi da shi a ƙasarmu ta Damargu: bai taɓa barin kowa a hanya ba. Sau uku yake kira kafin a tashi daga zango. Na farko a ɗaure kaya, na biyu a cika salka a yi alwala, na uku ya kira sunan kowa ɗaya bayan ɗaya, sai an amsa duka sannan a yi fatiha a kama hanya. Ya taɓa tsayar da ayari kwana uku a bakin rijiya saboda wata tsohuwa mai zazzaɓi. Fatake suka yi ta kumfar baki, ko kallonsu bai yi ba.

A 1926 yanar ido ta rufe wa Tabawa gani gaba ɗaya. Aka ba shi labarin wani likita can kudu da Kano mai cire ta, amma sai an shiga jirgin ƙasa. Alhassan ya sha ganin jirgin daga nesa, bai dai taɓa hawa ba. Ranar tafiyarsu na riƙe akalar raƙuminta na ce masa, "Yaya, amana ce fa." Ya ce, "Ladi, yaushe na taɓa dawowa ba cikakku ba?"

Sauran labarin daga bakinsa na ji shi. A tashar Kano ya sayi tikiti biyu ya sa a aljihu, ya zaunar da ita a benci cikin jirgin, ya gyara mata mayafi. Jirgi ya yi kuka. A lissafinsa wannan kiran farko ne. Ya ce mata, "Zauna, bari in cika buta, in kuma gaida madugun jirgin, ya san mu biyu ne, ɗaya ba ta gani." Har goro ya ɗaukar masa. To wane mai tarbiyya ne zai shiga ayarin mutum bai gaishe shi ba?

Yana bakin famfo abin ya motsa. Ba a kira sunan kowa ba, ba wanda ya waiwaya ya ga ko an cika. Ya yar da buta ya bi shi da gudu yana ihu a tsaya, mutanen tasha suna ta ƙyaƙyata dariya. Wani ma'aikaci ya nuna masa agogo ya ce, "Malam, lokaci ya yi." Lokacin uban wa? Allah ya isa tsakanina da agogon nan.

Sai bayan kwana biyu ya samu wani jirgin. Tasha tasha ya riƙa sauka yana tambaya. A wata 'yar ƙarama aka ce masa i, an sauke wata makauniya shekaranjiya saboda ba ta da tikiti. Tana ta cewa mijinta na zuwa, madugu ne, ba ya barin kowa. Ta wuni a nan tana jira, daga baya ba wanda ya san inda ta nufa. Tikitin da aka sauke ta dominsa kuwa yana cikin aljihunsa. Wata huɗu ya yi yana bin ƙauyukan gefen dogo, ko ɗankwalinta bai samu ba.

Da ya dawo Falanko na tare shi a ƙofar gida na faɗa masa abin da har yau ba zan maimaita ba. Bai kare kansa ba. Ya kai tikitin nan biyu wurin baduku aka ɗinke su a fata kamar laya, ya rataya a wuya, ya koma sana'arsa. Mutane suka sa masa suna Bar-ni-jirgi.

A shekara ta uku tafiya Damagaram ta kama ni, kuma babu ayari sai nasa. Na hau ban ko gaishe shi ba. Da hantsi aka zo kira na uku, ya jero sunayenmu, kowa ya amsa. Sai ya juya kudu ya ce, "Tabawa." Ya kasa kunne yana sauraro. Ashe haka yake yi a kowane zango tun da ya dawo.

Wani falke mai suna Yahaya ya yi tsaki ya ce, "Madugu, rana na yi, mu tafi mana."

Ban san lokacin da na diro daga raƙumi ba. Na ce, "Kai ma jirgi ne? Ba ka ji an kira mutum bai amsa ba? A jira ta!"

Alhassan bai dube ni ba, hannunsa dai na kan layar nan. Ya sake kiran sunanta. Muka tsaya, mu goma sha ɗaya da raƙuma shida, muna jira.