Sifirin Mai Laushi

A kasuwar kayan tsofaffin motoci ta Ohio, Darlene tana kallon wani dattijo tsugune gaban rumfarta, baƙin mai ya rine masa farce. Yana ƙirga zagayen wani sifirin da yatsa, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke rage wa mota jijjiga. Daga gani, wannan ya yi tseren mota a zamaninsa.

"Baba, ɗauki mai taurin, ka haɗa da sandar ƙarfe mai kauri ta ƙarƙashin mota. Motarka ta daina tangaɗi a kwana."

"'Yata, ai na gama shan kwana tun tuni."

Ya nuna baƙar motarsa. Wata tsohuwa na zaune a gaba, filo biyu tokare da bayanta.

"Matata ce, aikin ƙugu aka yi mata. Ta rantse in motar ta ƙara jijjiga ta, yawon Lahadi sai dai in tafi ni kaɗai. Miƙo mai laushin."