Likita Halidu da Ludayin Zeinabu

Halidu ɗan manoman shinkafa ne daga Tounouga. Ya yi karatun likita a Dakar, aka turo shi asibitin Gaya shekaru kaɗan kafin Faransawa su tafi. Ni a lokacin sabon mushe ne, wato malami, a lakwal, makarantar bokon garin.

Ƙanwata Zeinabu tana da farfaɗiya. Mutanenmu sun yarda cewa yawun mai farfaɗiya yana ɗauke da cutar, saboda haka aka ware mata ƙwarya da ludayi, kuma idan ta faɗi sai kowa ya ja da baya. Wata rana ta faɗi kusa da murhu, hannunta ya ƙone, mata suna tsaye suna salati, ba wadda ta janye ta. Halidu ya ɗaure ƙunar, ya ba ta ƙwayoyi. Da na tambaye shi ko cutar tana yaɗuwa, sai ya ce malamansa sun ce a'a, amma shi kansa tsoron da ya taso da shi bai sake shi ba.

Daga baya aka zaɓe shi ya koma Dakar, cikin likitocin da ake koya wa binciken ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A can ya zauna da masu wannan ciwo, ya ga na'urar da take zana motsin ƙwaƙwalwarsu, ya koyi gwada zato kafin a gaskata shi.

Da ya dawo, ya zo gaishe da mahaifiyarmu. Ta kawo masa fura a ƙwaryar baƙi.

"Inna, ta Zeinabu nake so," in ji shi.

"Kai, ɗan nan! Karatun ne ya taɓa ka?"

"Ya taɓa ni, Inna, amma gyara ya yi. Miƙo ludayin."

Zeinabu ta sha, shi ma ya sha da ludayin nan, a gaban maƙwabta. Ya riƙa yin haka kowace ranar kasuwa har damina ta wuce. Unguwa ta zuba ido ta ga ranar da zai faɗi, bai kuwa faɗi ba.

Ƙwayoyin sun rage ciwon, ba su raba ta da shi ba. Amma ranar da ya kama ta tana wanki a bakin kogi, maƙwabciyarmu Bibata, wadda a da take cikin masu ja da baya, ita ce ta rungumo ta, ta fitar da ita daga ruwa.

Halidu ya tsufa a Gaya, sunansa bai wuce yankinmu ba. Har ya rasu, duk Juma'a Zeinabu takan dama fura ta aika masa. Allah ya jiƙansa.